Sai Kawu Bukar Ya Shinshina Ka

Kai jama'a, ku tsaya, ku tsaya! Tun jiya nake kallon ku kuna ta zuba labarin Kawu Bukar a zauren nan, wannan ya ce hularsa, wancan ya ce kekensa marar birki, amma har yanzu ba wanda ya taɓo hancin. Hancin fa! Ta yaya za a tuna Kawu a bar hancinsa a baya? Ni Fanna, 'yar ƙanwarsa, wallahi ba zan iya shiru ba, yatsuna har ƙaiƙayi suke yi.

Don waɗanda suka shigo daga baya: Kawu Bukar shi ne mai kula da ɗakin dabbobin gwaji na makarantar nan tamu ta Haɗejiya, ɗakin da ke can ƙarshen katanga, bayan bishiyar maina. Fararen ɓeraye ne a ciki, da ɓerayen Masar, da zomaye 'yan kaɗan, waɗanda ake gwada magani a kansu. Kullum yana zaune a kan benci a bakin ƙofa. Ka yi sallama, ya amsa, sai ya miƙe a hankali, ya rufe ido, ya kawo hanci daidai kafaɗarka.

"Mhm. Turaren kanti. Koma."

In mace ce ba ya matsowa. Sai ya tsaya daga nesa, ya cire hula, ya riƙa fifito iskarki zuwa hancinsa kamar mai hura gawayi. Na taɓa ji ya ce wa wani ɗalibi, "Kifi ka ci da ɗanyar albasa. Shiga, amma kada ka yi musu hamma."

Hujjarsa ita ce ɓera da hanci yake gani. Ƙamshi mai ƙarfi yana ruɗa su, har uwa ta ƙi kula 'ya'yanta, gwajin mutane ya lalace. Kuma na je na bincika a waya daga baya, wallahi haka ɗin ne! Ku duba ku gani!

To ga yadda na faɗa hannunsa. Na gama sakandare, gurbin karatu bai samu ba, ina zaune a gida. Ni kuma Allah ya jarrabce ni da son harkar nan. Duk datar da na samu, a bidiyon masu kula da dabbobin gwaji take ƙarewa: yadda ake riƙe su, yadda ake auna su, yadda ake musu allura. Har matashin Inna na yi wa allura da tsinken tsire. Sai ga labari cewa Kawu zai yi ritaya da zarar an gama yankan shinkafa, kuma makaranta ta ce za ta ɗauki duk wanda ya horar ya kuma ce ya iya. Ka'ida ce daman, ba a nan kaɗai ba: ba mai taɓa dabba mai rai sai an koya masa, an gwada shi, mai koyarwar ya yarda. In Kawu bai buɗe baki ya ce "ta iya" ba kafin ya tafi, babu aiki. Ni kuwa na ce ai an gama, kawuna ne!

Na yi kwalliya na tafi.

"Kawu, ina kwana? Na zo. Ba ma sai ka wahala ba, na iya komai, na kalli bidiyo."

"Nan babu Kawu. Kawunki yana gida, in kin je ki gaishe shi. Nan Malam ne." Ya dube ni sama da ƙasa. "Bidiyon nan, ya taɓa cizon ki?"

"A'a."

"To ba malami ba ne."

Sai ya cire hula ya fara fifita. Bai ma yi nisa ba ya yi tari.

"Humra. Ta gidan Hajja. Har da sandal ɗin da ta ƙara bana. Koma."

Jama'a, Hajja ita ce Innata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kun san sana'arta: turaren wuta da humra. Tun kakanninmu da suka taso daga bakin Tafkin Chadi abin yake a gidanmu. Amaren Haɗejiya har da na Jahun a wurinta ake haɗa musu. Gidanmu ko kaza ka kama ka shinshina, sai ka ji kamar za a kai ta ɗakin miji. Na yi wanka, na sake wanka, na koma washegari. "Koma." Na sa kayan da ban taɓa sawa ba. "Koma." Ashe ƙamshin ya riga ya shiga akwati, ya shiga katifa, ya shiga ni kaina.

Da Inna ta gaji, sai ta yafa mayafi ta same shi a gida ranar Juma'a, ni ina biye.

"Yaya, wai me nake ji? 'Yata za ta riƙa fita ba ƙamshi, kamar wadda ba ta da uwa? Saboda ɓera?"

"Ba ɓeraye ba ne. Ma'aikata ne."

"Ma'aikata! Jiya-jiyan nan na kashe ɗan'uwansu da muciya a bayan buhun gero."

"Wancan ɓarawo ne, Hajja. Bai yi makaranta ba."

Inna ta riƙe haɓa. "Yaya, ka san dai tun muna yara ake cewa akwai abin da ke damun ka."

"Na sani. Ke ce."

Sai na yi dabara. Na kwashe kayan da zan riƙa zuwa da su na kai ajiya gidan maƙwabciyarmu. Abin da ban lissafa ba, matar nan bandar kifi take yi. Da safe na shirya a can na kama hanya, ina ta murna babu humra. Tun daga lungunmu na lura wata mage tana bi na. Kafin in kai ƙofar makaranta sun zama ayari. Kawu ya hango ni tafe da rakiyar maguna zuwa ɗakin ɓeraye, ya miƙe tsaye, ko hular bai cire ba.

"La ilaha illallahu. Jiya amarya, yau tarwaɗa. Ki koma, gobe ki zo a mutum."

A ƙarshe dai a bokiti mai murfi na riƙa ajiye kayan aikina a makarantar, in yi wanka da sabulun salo, in canza a can. Ranar da ya fifita hula ya ce "Shiga," wallahi kamar an ba ni kujerar Makka. Na shiga. Ya miƙo mini tsintsiya.

Mu biyu ne masu koyo a lokacin, ni da Sale, mutumin Kaugama. Sale na san kana cikin zauren nan kana karantawa, kada ka fita! Ƙato ne, ɗan manoman shinkafa, ga sanyin hali, ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Kawu ya fara da tura mu aka yi mana allurar tetanas. Sannan wankin hannu. Sannan yadda ake sa farar riga, da safar hannu, da takunkumi, da wanda ake fara cirewa in an gama. Sannan wankin keji, da canza musu shimfiɗa da buntun shinkafa, da duba ruwan sha. Magana kuwa sai raɗa, don ya ce ƙara tana firgita su. Duk wannan ta cikin wayar keji muke kallon dabbobin, ko gashinsu ba mu shafa ba.

Wata safiya ya zaunar da mu yana mana bayanin abinci. Yana cikin magana sai wani farin abu ya fito daga ƙarƙashin kabad, sululu, ya bi ta gaban ƙafafunmu. Kafin ka ce me, Sale ya zare takalmi. Fau! Abin ya fashe, buntu ya watsu ko'ina.



Kawu ya sunkuya ya ɗago gawar. Tsohuwar safa ce fara, an cusa mata buntu, an ɗinka mata jela da igiya. Zaren da ya ja ta da shi yana naɗe a yatsansa.

"Inna lillahi. Sale, ka kashe Malam Safa."

"Wallahi Malam ba ni ba ne, hannun ne! Ban ma san na cire ba. Mu a fadama, tun muna yara, in ka ga ɓera ka tsaya kallo, kai za a daka."

"Na sani. Duk ɗan fadama da takalmi a hannu aka haife shi. Shi ya sa nake fara gwada ku da safa." Sai ya ɗaga kai sama. "Ke kuma mai bidiyo, sauko."

Ni ina kan benci, na tattare siket. Ban san lokacin da na hau ba.

Maganin da ya yi wa Sale shi ne abin dariyar. Ya je ya tono wani takalmin ruwa, irin dogon nan na masu shiga fadama, wanda ya yi wa Sale kaɗan. Sai an yi ta kokawa kafin ya shiga, balle fita.

"Malam ya matse ni."

"Haka ake so. Kafin ka cire shi, zuciyarka ta huce."

Sale ya yi ta ɗingishi har tsakiyar damina, sannan ya ce shi kam ya haƙura, gara ya koma inda in ɓera ya ci maka shinkafa kana da ikon ramawa. Amma kafin ya tafi akwai abin da ya gani da ni, ina zuwa kansa.

Ku da kuke cewa Kawu kullum safarsa ba ta dacewa, ƙafa ɗaya baƙa ɗaya fara, kuna zaton rashin kula ne? Ina! Duk farar safar da ta shigo hannunsa, ɗaya ɓera take zama. Ya ce ba zai sayi ɓeran roba ba alhali Allah ya ba shi ƙafa biyu. Da Malam Safa na biyu na koyi riƙo: a kama jela daga gindinta, ba daga tsini ba, a tallafe jiki nan take kada ya yi lilo, a tattaro fatar ƙeya a hankali. In ka yi kuskure kuma, Kawu da kansa yake yin kukan. Dattijo da furfura, ya tsuke baki:

"Tsiii! Tsiii! Wayyo bayana! Kin karya ni, 'yar Hajja!"

"Malam ai a hankali na riƙe."

"Ni ne ɓeran ko ke?"

Allura kuwa a jikin lemon zaƙi muke koyo, da ruwa zalla a sirinji. In an tashi, ya wanke lemon, ya ɓare, ya shanye abinsa. Ya ce lemon da ya sha allura ya fi ruwa. Ko ɓawon ba ya yarwa, shanya shi yake wai maganin sauro.

Sai darasin da na fi so, wallahi har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi: karanta fuska. Kun san ɓera yana da fuskar ciwo? Yana da ita! Ido ya tsuke, kunne ya kwanta baya, gashi ya tashi, ya dunƙule a lungu shi kaɗai. Kawu zai ajiye ni gaban keji ya ce, "Wa ke da ƙorafi yau?" In zauna in yi ta kallo har in gano. Ya ce wanda bai iya ganin ciwo ba, bai kamata a ba shi allura ya riƙe ba, don su ba su da bakin kai ƙara. Abin ya bi jikina har gida. Rannan na dubi Inna na ce, "Inna, idonki ya tsuke, kunnenki ya kwanta, me ke miki ciwo?" Ta jefo ni da murfin kasko.

To ga abin da na ce ina zuwa kansa. Kawu ya sa mu rantse ba za mu faɗa ba, amma ai cewa ya yi "muddin ina raye." Allah ya gafarta mini.

Ranar yana nuna mana nutsuwa ne. Ya fito da wani matashin ɓera mai rawar kai, ya ɗora a tafin hannu, yana raɗa: "Kun gani? In zuciyarka a kwance take, shi ma sai ya kwanta. Dabba tana jin..." Sai ɓeran ya leƙa bakin hannun rigarsa, wanda ya manta bai ɗaure ba, ya shige. Muna kallon ƙullutu yana tafiya, ya haura damtse, ya zagaya kafaɗa, ya gangara baya. Kawu bai fasa raɗa ba. "...tana jin abin da ke ranka..." Ƙullutun ya wuce ƙugu. Ya shiga wando.

Jama'a, ban taɓa ganin rawa irin wannan ba, kuma babu sauti ko kaɗan! Ba zai yi ihu ba, dokarsa ce. Ba zai buga ba, ma'aikaci ne. Ba zai zauna ba, kada ya danne shi. Ƙafa ɗaya a sama, ido ya firfito, gumi yana zuba, ya juyo gare ni cikin raɗa:

"Fanna. Fita. Ja ƙofa. Sale, kai tsaya. Kama bakin wandon hagu."

Ina waje na toshe baki da mayafi har hawaye. Can sai ga shi ya fito, ya gyara hula, kamar ba abin da ya faru.

"Me kika koya yau?"

"A riƙa ɗaure bakin hannun riga, Malam."

"Sai me?"

"A riƙa rufe baki."

"Madalla. Na biyun ya fi muhimmanci."

Ana nan, ruwa ya janye daga fadama, shinkafa ta yi jawur, yara suna ta korar tsuntsu. Sale ya tafi, saura ni kaɗai. Na iya wanki, na iya awo, na iya fuska, lemo kam ban san iyakar wanda na yi wa allura ba. Amma har lokacin ban taɓa ɗaukar ɓera mai rai ba, kuma ba zai ce "ta iya" ba sai na ɗauka a gabansa. Kullum in na tambaya sai ya ce, "Gobe ma rana ce ta Allah." Da na ga an fara shiga da lauje, na tare shi.

"Malam, shinkafa fa ta nuna."

"Shinkafa ce ta nuna, ba ke ba."

Ranar na yi kuka a hanya. Inna ta ce in rabu da shi, in dawo in riƙa ɗura mata humra a kwalba, ai ita ba ta korar mutum don ya yi ƙamshi. Na kusa yarda, wallahi. Na ce bari dai in ƙarasa makonsa na ƙarshe, kada a ce na gudu.

A cikin makon ne likitan dabbobin da ke duba mana su ya zo ya ga wani tsohon ɓera da ƙari ya fito masa a ciki. Ni na fara lura da fuskarsa ma. Likita ya ce wahalar ta isa, a hutar da shi, ya auna allurar barcin da ba a tashi, ya bar wa Kawu. Irin wannan aikin Kawu bai taɓa bari wani ya gani ba, kowa yake kora waje. Na ɗauki tsintsiyata zan fita.

"Tsaya."

Na tsaya. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya buɗe kejin. Ya miƙa hannu, sai na ga hannun yana rawa. Ya janye, ya matse shi da ɗayan, ya sake miƙawa. Rawar ta ƙaru, har yatsunsa suna buga wayar kejin. Ban san tun yaushe yake ɓoye wannan ba. Ya daɗe yana kallon hannun nan kamar na wani.

"Fanna, sa safar hannu."

Na sa. Na zura hannu, na kama, na tallafe. Ɗumi! Ba wanda ya gaya mini suna da ɗumi haka. Zuciyarsa tana bugawa a kan yatsana, dif-dif-dif, da sauri kamar za ta fito. Kawu yana gefen kunnena yana raɗa: "Sassauta. Yawwa. Juya shi kaɗan. Nan. Yi bismilla." Na yi. Na sa allurar. Bugun ya riƙa raguwa, ya riƙa raguwa, har ya tsaya. Kawu ya sunkuyo ya ce wa ɓeran, "Mun gode. Ka yafe mana."

Muka gyara komai. Sai da muka fito ƙarƙashin maina na share ido na ce, "To Malam, na ci?"

"Ke ba ki ci ba. Hannuna ne ya faɗi."

Ya shuri takalmi ya nufi ofishin shugaban sashe. Ni kuwa, kun san hali, na lallaɓa ta bayan taga. Na ji yana cewa, "Yarinyar nan ta iya. Ta daɗe da iyawa, tun ruwa bai janye ba. Ku ɗauke ta. Amma kada wanda ya gaya mata, kanta zai kumbura."

Shugaban ya yi dariya ya ce, "To Malam Bukar, in ta daɗe da iyawa, me ya sa ka yi ta jan ta haka?"

Kawu ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, "In na sallame ta da wuri, ni me zan zo yi da safe?"

Ban taɓa gaya masa na ji ba. Aka ɗauke ni, yau ni ce a ɗakin, har an turo mini masu koyo. Shi kuwa bai ga wata daminar ba.

Don Allah duk wanda ya taɓa zama a hannunsa, ko na yini ɗaya ne, ya rubuto nasa a nan. Inna nake karanta wa da yamma. Takan yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce "Yaya ke nan," sannan ta juya fuska bango ta ce hayaƙin kasko ne ya shiga mata ido.

Ya Allah, ga bawanka Bukar nan ya zo gare ka. Ya ji tausayin ƙananan halittunka marasa baki, Ka ji tausayinsa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa ya huta. Amin.